Rigar tuta ko rigar maciji: wacce ta dace da kai ranar 4 ga Yuli?

Da zarar watan Yuni ya raba, kantunan Amurka sai su rikiɗe su koma ja da fari da shuɗi. Walmart, Target, Old Navy, har ɗan shagon da ke cikin gidan mai, kowa ya baje tishat na 4 ga Yuli, ranar da a 1776 wakilan yankuna 13 da ke ƙarƙashin Ingila suka amince da takardar ayyana 'yancin kai a birnin Philadelphia. Ranar hutu ce ta ƙasa baki ɗaya: da safe fareti, da rana gashin nama a bayan gida, da dare wasan wuta. Babu mai tilasta maka saka wata riga, amma in ka halarci taron cikin kwat ko shadda mai sitaci, kai kaɗai za a gani haka. A 2026 kuma ƙasar ke cika shekara 250, don haka kakar masu buga riguna ta yanke saƙa.

Mutum uku nake wa wannan bayani. Na farko Bahaushen da ke zaune can, a Bronx ko Houston ko Chicago, wanda maƙwabci ko abokin aiki ya gayyata cin nama, ko yara suka tasa shi gaba sai an yi musu anko irin na 'yan unguwa. Na biyu mai haɗa tsaraba zai dawo gida. Na uku kuwa ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba, amma rigunan suna iske shi har gida. Abin da aka saka sau ɗaya aka kai shagunan sadaka irin su Goodwill ko Salvation Army, in bai samu mai saye a can ba, sai a matse shi cikin dila, ya biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome, ya ɓullo a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ko Kantamanto ta Accra a matsayin gwanjo.

Yadin rigunan nan kusan ɗaya ne, kuɗinsu ma babu tazara sosai. Bambancin yana ga abin da aka buga a ƙirji. Kuma abin da rubutun yake nufi ranar da aka ƙirƙire shi daban, abin da Ba'amurke yake ji in ya karanta shi a jikinka yau daban.

Mai tuta zalla

Ita ta fi yawa, ita ta fi araha. Old Navy ya fara fitar da tasa tun 1994, shekarar da aka buɗe kamfanin, kuma ya daɗe yana sayar da ita dala 5: tuta a ƙirji, sunan kamfani, sai shekarar. Akwai gidajen da duk shekara sai sun saya tun daga kaka har jinjiri, a jeru a ɗauki hoto, a ajiye rigunan a akwati ana lissafin girman yara da su. Tutar da ke jikinta ita ce ta yanzu, ratsi 13 saboda yankunan da suka fara, taurari 50 saboda jihohi, kuma haka take tun 4 ga Yulin 1960, bayan shigar Hawaii.

Babban amfaninta shi ne a wannan rana ba ta da jam'iyya. Ɗan Democrat yana sakawa, ɗan Republican yana sakawa, wanda ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa jiya ma haka. Ba za ta jawo maka tambaya ba, balle gardama.

Za ka iya haɗuwa da wanda zai ce maka doka ta hana saka tuta. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Ƙa'idar tuta da majalisar dokoki ta amince da ita a 1942 ta ce kada a mai da tuta tufafi. Sai dai ƙa'idar ba ta zo da hukunci ba, kuma ƙungiyar tsofaffin sojoji ta American Legion, wadda ta fi kowa sa ido kan mutuncin tutar, ta bayyana cewa rigar da aka buga wa hoton tuta ba laifi, abin ƙi shi ne a yanka ainihin tuta a ɗinka riga. Da can abin bai zo da sauƙi haka ba. A 1968 an kama ɗan gwagwarmaya Abbie Hoffman a Washington saboda ya saka riga mai zanen tuta, sai daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Abin da ya kai mutum gaban alƙali a lokacin, yau shi ake rabawa jarirai.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne ba kowace tuta ce tutar kowa ba, kuma a kan teburin kanti duk a cakuɗe suke. In ka ga tuta baƙa da fari mai ratsin shuɗi guda ɗaya a tsakiya, ta goyon bayan 'yan sanda ce. Ta bazu ne daga wajen 2014, a matsayin martani ga zanga-zangar Black Lives Matter ta adawa da kisan baƙaƙen fata a hannun 'yan sanda, don haka a unguwar baƙaƙen fata ba kallon ado za a yi mata ba. In ka ga mai taurari 13 a zagaye, ita ce ake jingina wa Betsy Ross, wata mai ɗinki ta Philadelphia. Jikanta ne ya fito da labarin a 1870, masana tarihi kuma ba su samu takardar da ta tabbatar da shi ba. Yawancin mutane tarihi kawai suke gani a cikinta, amma a Yulin 2019 Nike ya janye wani takalmi mai wannan tuta daga kasuwa bayan ɗan wasa kuma ɗan gwagwarmaya Colin Kaepernick ya nuna damuwa cewa tana tuna zamanin bauta. Idan kuwa a tsakiyar zagayen taurarin ka ga sanduna uku a tsaye, wato lamba uku ta Romawa, ajiye rigar ka wuce. Alamar Three Percenters ce, 'yan sa-kai masu ɗauke da makamai, waɗanda gwamnatin Kanada ta saka cikin jerin 'yan ta'adda a 2021. Tutar da aka kifa, taurari a ƙasa, alamar neman agaji ce a asali, yanzu kuma alamar bore. Amma wadda ke hannun dama na riga taurarinta suna gaba, kamar an buga ta a juye, ba kuskuren mai bugu ba ne. Haka sojoji suke saka tasu.

Mai maciji, da inda maganarta ta samo asali

Wannan ita ce ta fi jan ido, kuma ita ce ta fi buƙatar tunani. Riga ce ruwan ɗorawa ko baƙa, da maciji a naɗe ya ɗaga kai zai kai sara, a ƙasa an rubuta "Don't Tread on Me", wato kada ka taka ni. Matasa suna son ta don zanen yana da kwarjini, kuma in ka ji tarihinta za ka ƙara son ta.

Macijin ba irin namu ba ne, ko da yake dangin kasa da kububuwa ne. A nahiyar Amurka kaɗai ake samunsa, yana da wasu ɓawo-ɓawo a ƙarshen wutsiya da yake kaɗawa su yi ƙara in an matso shi. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar, shi ne ya fara shigar da shi siyasa, kuma da ba'a ya fara. A lokacin Ingila tana kwaso masu laifi daga kurkukunta tana jibgewa a yankunan Amurka. Sai a 1751 Franklin ya rubuta a jaridarsa ta Pennsylvania Gazette cewa ya kamata a rama alheri, a tattara waɗannan macizai a aika Landan a sake su a lambunan manya. Bayan shekara uku, a Mayun 1754, ya buga zanen maciji an datsa shi gida takwas, kowane yanki da harafin sunan wani yanki na ƙasar, a ƙasa an rubuta "Join, or Die", ko ku haɗe ko ku mutu. Abin lura, ba Ingila yake nufi ba a wannan karon. Yana kiran yankunan ne su haɗa kai su tunkari Faransa. Sai da rigimar haraji ta ɓarke bayan shekara goma sannan aka juya macijin ya fuskanci Sarkin Ingila.

A ƙarshen 1775, yaƙi ya riga ya fara, majalisar yankunan ta kafa rundunar ruwa. A watan Disamba wata maƙala ta fito a Pennsylvania Journal, marubucin ya ɓoye sunansa, amma masana da yawa suna ganin Franklin ne. Ya ce ya ga gangar sabbin sojojin ruwa an zana mata wannan maciji da wannan magana, sai ya zauna yana tunanin dalili. Ya kawo hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya: macijin ba shi da fatar ido, don haka kullum a farke yake, ba ya fara tsokana, amma in an shiga faɗa ba ya miƙa wuya, ba ya sara sai ya yi gargaɗi, ko ga maƙiyinsa. Ya ce ya ƙirga ɓawon wutsiyar ya samu 13 daidai, adadin yankunan, kuma guda ɗaya shi kaɗai ba ya ƙara, sai sun haɗu suke firgita jarumi.

Wanda sunansa ya bi tutar shi ne Christopher Gadsden, ɗan kasuwa daga Charleston a South Carolina, wakili a majalisar kuma ɗan kwamitin da ya shirya rundunar ruwan. Shi ya ba kwamandan rundunar na farko, Esek Hopkins, tuta ruwan ɗorawa mai macijin, sannan a Fabrairun 1776 ya miƙa irinta ga majalisar yankinsa. Ka ga ke nan ta girmi tutar taurari da ratsi, wadda sai 14 ga Yunin 1777 aka amince da ita. Duk wanda ya ce maka rigar maciji ba ta kishin ƙasa ba ce, bai san tarihin ba. Daga 2002 zuwa 2019 jiragen yaƙin ruwan Amurka suna ɗaga wata ƙaramar tuta mai ratsi da maciji da wannan magana a goshinsu, kuma jihohi da dama, ciki har da Virginia, suna ba da lambar mota mai zanen ga wanda ya nema.

To me ya sa nake cewa a yi tunani? Saboda "ni" ɗin da ke cikin maganar da kuma mai takawar duk sun canja. A 1775 mai takawar Sarkin Ingila ne, wanda ake takawa kuma ƙasar ce gaba ɗaya. Daga shekarun 1970 masu ra'ayin a rage ƙarfin gwamnati suka ɗauke ta, mai takawar ya koma gwamnatin Washington da harajinta. A 2009, farkon mulkin Barack Obama, ƙungiyar Tea Party ta mai da ita tutarta, duk gangamin da suka yi sai ka ga fili ya yi ruwan ɗorawa. Masu kare 'yancin riƙe bindiga suka rungume ta. Ranar 6 ga Janairun 2021 tana cikin tutocin da aka gani a hannun waɗanda suka kutsa ginin majalisar dokoki. Yau in ka saka ta, mafi yawan masu ganinka ba Franklin za su tuna ba. Za su ɗauka ka faɗa musu ra'ayinka kan haraji da bindiga da zaɓe, ko da kai zanen kawai ya burge ka.

Akwai wani ɓangare kuma da ya shafi duk ɗan Afirka. Gadsden, mai cewa kada a taka shi, yana da bayi. Tashar jiragen ruwa da ya gina a Charleston, wadda ke ɗauke da sunansa, ta zama wurin sauke dubban 'yan Afirka a shekarun ƙarshe kafin a haramta shigo da bayi a 1808, jim kaɗan bayan mutuwarsa a 1805. Ana ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na bayin da aka kai Amurka ta Arewa ta Charleston suka shiga, kuma a kan wannan tashar aka gina gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da aka buɗe a 2023. Ban ce wannan ya mai da rigar ta wariyar launin fata ba. Ko hukumar gwamnati mai kula da adalci a wuraren aiki ba ta ce haka ba: da wani baƙar fata ma'aikacin gidan waya ya kai ƙara a 2014 kan abokin aikinsa mai saka hular maciji, hukumar ta ce a 2016 asalin tutar ba shi da alaƙa da launin fata, amma duk da haka sai a binciki ƙorafin, don wasu sukan yi amfani da ita da wata manufa. Sauran rigingimun ma sun nuna yadda abin yake da baki biyu. A 2023 wata makaranta a Colorado ta fitar da yaro ɗan shekara 12 daga aji saboda ya liƙa ta a jakarsa, gwamnan jihar Jared Polis, wanda ɗan Democrat ne, ya fito ya kare yaron, makarantar ta janye. Kotun ƙolin ƙasar ma ta taɓa sauraren shari'ar da ta taso daga irin wannan riga da wani ya saka zuwa rumfar zaɓe a Minnesota, ta yanke a 2018 cewa dokar jihar mai hana kayan siyasa a rumfa ba ta fayyace abin da ta hana ba.

Doka dai ba ta hana ka. Amma ka sani cewa 'yancin faɗin albarkacin baki da tsarin mulkinsu ya bayar, gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai ɗaure wa mai kamfanin da kake wa aiki ba. In taron na wurin aiki ne, ko kana tuƙa tasi kana ɗaukar kowane irin fasinja, rigar tuta ba za ta ja maka komai ba, ta maciji kuwa za ta iya. In ka san abin da take faɗa kuma ra'ayinka ke nan, wannan kuma zaɓinka ne, kuma a ƙauyukan Texas ko Tennessee ma sai ka samu masu ɗaga maka hannu.

Ga Musulmi akwai ƙarin magana da babu ruwanta da siyasa. Malamai da yawa suna karhanta yin salla da tufa mai hoton abu mai rai. Taron 4 ga Yuli yakan fara da hantsi ya kai dare, Azahar da La'asar da Magariba duk a wurin za su same ka. Wannan ya shafi rigar maciji, ya kuma shafi masu hoton mikiya mai farin kai, waɗanda ke ko'ina. Mai tuta ko mai rubutu zalla ta hutar da kai ɗaukar rigar canji.

Waɗanda ake gani kamar ba komai

Wadda ta fi yaudara ita ce mai "Let's Go Brandon". A ido kirarin ƙarfafa gwiwa ne ga wani Brandon, kamar ka ce Brandon, ba su wuta. Asalinta tseren motoci ne na NASCAR a filin Talladega da ke Alabama, ranar 2 ga Oktoban 2021. Wani direba, Brandon Brown, ya ci tseren, wakiliyar NBC Kelli Stavast tana hira da shi kai tsaye, 'yan kallo kuma a bayansu suna rera ashar ga Shugaba Joe Biden. Sai ta ce wa masu kallo jama'a suna cewa "Let's go, Brandon". Cikin 'yan kwanaki maganar ta zama hanyar ɗura wa shugaban ashar ba tare da an furta ta ba. Kafin watan ya ƙare wani ɗan majalisa daga Florida, Bill Posey, ya rufe jawabinsa da ita a zauren majalisa. Shi direban da bai ji ba bai gani ba, sai ya koma yana fama da samun kamfanonin da za su ɗauki nauyinsa. An buga kaya masu ɗimbin yawa da wannan rubutu, da tuta da taurari a kewaye, kuma tunda Biden ya sauka an daina yayinsu, irinsu ne ke gangarowa cikin dila. Ba rigar ranar 'yanci ba ce, zagi ne da aka yi wa kwalliya. Ko kyauta aka ba ka, ba ta dace da dattijo ba.

Mai "Come and Take It", zo ka ƙwace in ka isa, ta fito ne daga garin Gonzales na Texas a Oktoban 1835, lokacin da sojojin Meziko suka zo karɓar wata ƙaramar igwa da aka ara wa mutanen garin, su kuma suka ƙi bayarwa. Yanzu sau da yawa an cire igwar an sa bindigar AR-15. Maganar bindiga ce tsantsa, kuma ba abin da baƙo zai so ɗan sanda ya fara karantawa a ƙirjinsa ba ne.

Sai na barkwanci, waɗanda suka fi kama mutanenmu. Turawan can suna son wasa da kalmomi, su ɗauki jerin ja da fari da shuɗi su musanya ta ƙarshe da kalmar giya mai kama da ita a sauti, kamar "brew" ko "booze". Daga nesa riga ce ta tuta, sai ka matso ka ga gwangwanin giya ne aka jera a matsayin ratsin, ko yankan naman alade. Kafin ka biya, buɗe rigar gaba da baya ka karanta har ƙananan haruffa. In ba ka gane ba'ar ba, to kada ka saya.

In kana son rubutu mai ma'ana

Akwai tsaka-tsaki ga wanda tuta zalla ta yi masa lami. "We the People", mu jama'a, su ne kalmomi uku na farkon tsarin mulkin 1787, kuma duk wanda ya yi karatun jarrabawar zama ɗan ƙasa ya haddace su, don an daɗe ana tambayarsu. Kowane ɓangare yana da'awarsu, saboda haka ba su nuna inda ka dosa, muddin ba a haɗa su da hoton bindiga ko ƙwanƙwan kai ba, wanda akan yi. Haka "1776": ita kaɗai ko tare da 2026 tarihi ce, amma duba abin da aka zana a gefenta.

Ni wadda ta fi kwanta min ita ce "E Pluribus Unum". Latin ce, ma'anarta daga masu yawa aka zama ɗaya, tana kan hatimin ƙasar tun 1782, kuma in ka juya takardar dala ɗaya za ka gan ta a kan ƙyallen da mikiya ta riƙe a baki. A asali yankuna 13 ake nufi, amma an daɗe ana fahimtarta a kan al'ummomin da suka zo daga ko'ina suka zama ƙasa guda. Ga wanda ya zo daga Damagaram ko Kumasi ko Zariya, babu rubutun da ya fi wannan ba shi gurbi a bikin. Matsalarta ɗaya, ba ta cika kantuna kamar sauran ba, sai an nema a intanet, kuma sau da yawa da mikiyar take zuwa. "In God We Trust" kuma, wadda ta fara bayyana a kan kwabo a 1864 ta zama taken ƙasa a 1956, ba ta da illa a idon jama'a, sai dai wanda ba ya son shiga bayi da sunan Ubangiji a jikinsa, ko da wane harshe aka rubuta, ya yi la'akari da wannan.

A unguwannin baƙaƙen fata za ka ga wasu a ranar sanye da rigar Juneteenth maimakon ta tuta. Tana tuna 19 ga Yunin 1865, ranar da sanarwar 'yanta bayi ta isa Galveston a Texas, kuma ta zama hutun ƙasa a 2021. Saƙon shi ne kakanninsu ba su samu 'yanci a 1776 ba, maganar da Frederick Douglass, tsohon bawa mai yaƙi da bauta, ya yi tun 1852. Ba sai ka shiga wannan muhawara ba, amma ka san da ita kafin ka tambayi maƙwabcinka ina rigarsa.

Yadi, bugu, da lokacin saye

Yuli tsakiyar zafi ne a can, kuma zafin New York ko Houston mai gumi ne, irin na Legas. Duba 'yar takardar wuya. Auduga zalla ta fi shan iska amma tana tsukewa in ta shiga injin busar da kaya mai zafi, don haka in kana tsakanin awo biyu ɗauki babban. Mai gaurayen auduga da roba ba ta tsukewa, tana saurin bushewa, sai dai tana riƙe warin gumi. Fara tana da sanyi amma tana nuna jiki in ta jiƙe, kuma ɗigon miyar gashi ɗaya ya gama da ita. Shuɗi mai duhu ya fi rufin asiri. Mata masu son dogon hannu da wuya su samu a kanti a wannan lokacin, yawanci sai dai a sayi babba a ɗora kan wata mai dogon hannu, ko a wadatu da mayafi mai launin bikin.

Shafa bugun da yatsa. Wanda fentin ya shiga cikin zaren, ka ji shi da laushi, shi ke daɗewa. Wanda ka ji kamar an manna leda da dutsen guga, zai tsage ya fara ɓarewa bayan 'yan wanki, kuma in ya rufe ƙirji duka, nan gumi zai taru. Kowanne ne dai, a juya riga kafin wanki, kuma kada guga ta hau kan bugun.

Mai shekara a jiki ta fi daɗin ajiyewa, musamman ta cikon 250, amma baɗi ta tsufa. Marar shekara za ta yi maka ranar tsofaffin sojoji ta 11 ga Nuwamba da wasannin ƙwallo. Sai kuma ranar Litinin ta ƙarshen Mayu, wadda ta tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi ce: mai tuta ta dace, mai barkwanci ba ta dace ba.

Wani abin dariya, mafi yawan rigunan kishin Amurka masu araha a Honduras ko Nicaragua ko Bangladesh aka ɗinka su. In kana son ta gida, nemi "Made in USA", wanda doka ta ce sai kusan komai na kayan a ƙasar aka yi shi kafin a rubuta, kuma ka shirya biyan ninkin kuɗin sau da dama. "Printed in USA" bugun kawai aka yi a can. Mai haɗa tsaraba kuwa ya yi haƙuri har 5 ga Yuli, ranar da kantuna ke karya farashin abin da ya rage don su samu wurin kayan komawa makaranta.

Mai saye a gwanjo shi ne ya fi kowa sauƙi ta wani ɓangaren, tunda a Kano ko Maraɗi babu mai tare shi a kan maciji ko Brandon. Amma hoto yana tafiya inda mai shi bai je ba. Tun 2019 takardar neman bizar Amurka take tambayar sunayen shafukan mutum na Facebook da Instagram da makamantansu, kuma ba ka son jami'in da ke duba shafinka ya iske ka kana murmushi cikin rigar 'yan bindigar sa-kai. Shi ma mai fasa dila, in ya ware masu tuta zalla da masu "USA" gefe guda, masu sanduna uku da bindiga da gwangwanin giya gefe guda, zai iya gaya wa mai saye abin da yake saya, ya kuma sa wa na farkon kuɗin da ya fi.